Ciwon ɓarin kai da ƙwayoyin kan tire

Yayata tana sanin ciwon zai zo tun kafin ya iso. Da hantsi sai ta fara hamma ba ƙaƙƙautawa, wuyanta ya yi tsami, ƙanshin turaren wutar da take so ya koma mata abin ƙyama. Wani lokaci kuma sai wani haske mai kama da haƙoran zarto ya fara rawa a gefen ganinta, yana faɗi a hankali har ya rufe mata rabin fuskar wanda take magana da shi. Kafin azahar ta shige ɗaki, ta sa an saki labule, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Daga nan duk taɓaryar da aka buga a maƙwabta cikin kwanyarta take sauka. Ta yi amai sau biyu ko uku, ta kwana a haka, sai washegari da la'asar ta fito tana layi kamar wadda ta tashi daga jinyar wata guda.

Innarmu ta daɗe da yanke hukunci, da harshenta na Adar: "Wagga ba cutar likita ba ta, iska ta." Wata gwaggonmu ta ce kambun baka ne. Akwai ma wanda ya ce gudun aiki ne, tunda ba ta zazzaɓi kuma jibi za a gan ta garau. An yi rubutu, an yi hayaƙi, wanzami ya yi ƙaho. Abin da ya fi daɗewa da ita shi ne tiren mai tallar magani da ke ratsa unguwarmu a nan Tawa kullum da safe.

Ciwon nan yana da suna, kuma tsohon ciwo ne. Larabawa suna ce masa shaƙiƙa, kuma ya zo a Bukhari cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho a kai yana cikin harami saboda shi. Galen, likitan zamanin Rumawa, ya kira shi da kalmar da ke nufin rabin ƙoƙon kai, daga ita ne aka samo "migiren" da ake ji a bakin ma'aikatan lafiya. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana fama da shi, wato fiye da mutum biliyan ɗaya, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. Yana bin jini: idan aka bincika, sau da yawa uwa ko kaka ta yi irinsa.

Ba kowane ciwon kai ne shi ba. Wannan yakan zo ya tafi, kowane zuwa ya ɗauki awa 4 zuwa kwana 3. Galibi ɓari guda yake kamawa, ko da yake yana iya game kan duka. Sara yake yi tare da bugun zuciya, yana ƙaruwa idan an sunkuya ko an yi tafiya, ga tashin zuciya, ga ƙin haske da ƙara. Kamar mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na masu shi suna ganin irin hasken da yayata ke gani, ko su ji hannu da gefen baki suna yin tsiki-tsiki, na minti 5 zuwa awa guda, kafin ciwon ya sauko. Wannan hasken ne ya fi sa mutanenmu zargin aljanu. Alhali wata igiya ce ta rikicewar wutar ƙwaƙwalwa da ke tafiya a hankali a sashen gani, can wajen ƙeya, ta wuce.

Labarin maganinsa ba ya cika sai da wani sinadari da ake kira sirotonin. A shekarun 1930 wani masani ɗan Italiya, Vittorio Erspamer, ya tsamo daga bangon hanji wani abu mai sa tsoka ta tsuke. A 1948 kuma Maurice Rapport da Arda Green da Irvine Page, a birnin Cleveland na Amurka, suna bin diddigin hawan jini, suka yi ta tace jinin shanu da suke karɓowa daga kwata har suka fitar da wani abu mai matse jijiyoyin jini, suka laƙaba masa wannan suna. Daga baya aka gane abin nasu da na Erspamer ɗaya ne. A 1953 wata masaniya, Betty Twarog, ta nuna akwai shi a ƙwaƙwalwa.

Kusan kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jikin mutum a hanji yake. Wani kaso yana ajiye cikin ƙananan ƙwayoyin jini masu tsayar da zubar jini. Ɗan abin da ke ƙwaƙwalwa kuwa yana da hannu a barci, da sha'awar abinci, da yanayin rai, da tashin zuciya, da yadda jiki ke jin zafi. Duba jerin nan da kyau, za ka ga kusan duk abin da ke dagulewa ne ga mai ciwon ɓarin kai. A ɗauke shi kamar ɗan aike guda mai zagaya gidaje goma sha huɗu, domin aƙalla nau'in makarɓarsa 14 aka gano a jiki. Saƙon bai dogara da shi kaɗai ba, ya dogara da ƙofar da ya ƙwanƙwasa. A wani gida jijiyar jini ta tsuke, a wani ta buɗe, a wani hanji ya motsa, a wani amai ya taso. Shi ya sa maganar da ke yawo a WhatsApp, wai sirotonin "sinadarin farin ciki" ne, a ci ayaba ya ƙaru, ba ta da tushe. Wanda ke cikin abinci ba ya ƙetarawa zuwa ƙwaƙwalwa, ita da kanta take haɗa nata.

Alaƙarsa da ciwon kai ta bayyana ne da kaɗan-kaɗan. A 1961 Federigo Sicuteri, a birnin Florence, ya ga ragowar sirotonin tana ƙaruwa a fitsarin masu ciwon lokacin da ya tashi. A 1967 ƙungiyar James Lance a Sydney ta Ostireliya ta nuna yawansa a jini yana faɗuwa idan ciwon ya kama. An kuma lura cewa reserpine, tsohon maganin hawan jini mai zubar da ajiyar sirotonin, yana tayar wa masu ciwon da ciwonsu. Abin da ya fi jan hankali shi ne gwajin wasu likitoci a New York a 1960: suka ɗura wa masu ciwon sirotonin ta jijiya, ciwon ya lafa, amma marasa lafiyar suka sha wahala da jiri da tashin zuciya da takurewar numfashi. Ɗan aiken ya isar da saƙon, sai dai ya bi ya tada duk unguwar.

Wani masanin haɗa magani a kamfanin Glaxo na Ingila, Patrick Humphrey, ya ɗauki wannan matsala a 1972. Burinsa ya ƙera abin da zai ƙwanƙwasa ƙofar da ake so kaɗai. Kusan shekara ashirin aka yi kafin sumatriptan ya shiga kasuwa a 1991, shi ne na farko a dangin magungunan da sunansu ke ƙarewa da "triptan". (Sunayen da ba a saba da su ba zan bar su yadda ake rubuta su a jikin kwali, don a gane su idan an gani.)

Ga yadda yake aiki. Ita kanta ƙwaƙwalwa ba ta jin zafi. Mai jin zafi shi ne tantanin da ya lulluɓe ta, da jijiyoyin jinin da ke cikinsa, kuma wata babbar jijiyar saƙo mai rassa uku, wadda ke kula da fuska da goshi, ita ke ɗauko rahotonsu. Idan ciwon ya tashi, bakunan wannan jijiya suna fitar da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da CGRP, wanda ke buɗe jijiyoyin jini ya kuma zuga saƙon zafi. Peter Goadsby da Lars Edvinsson ne suka nuna a 1990 cewa yana hauhawa a jinin da ke fitowa daga kai lokacin ciwon. Sumatriptan yana ƙwanƙwasa ƙofofi biyu na sirotonin. Ɗaya a jikin jijiyar jini, sai ta tsuke. Ɗaya a bakin jijiyar saƙo, sai ta daina fitar da CGRP. Da can an ɗauka buɗewar jijiyar jini ce tushen cutar. Yanzu an fahimci daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo abin ke farawa, har an fitar da lasmiditan a 2019 wanda ba ya matse jijiyar jini sam, da allurai masu toshe CGRP tun daga 2018. Waɗannan na baya tsadarsu ta fi ƙarfin aljihun mai lambun albasa a Tabalak ko Galmi, ba sai mun ɓata lokaci a kansu ba. Sumatriptan kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna na dole a 2021.

To amma a lura da abin da aka ce: yana matse jijiyar jini, kuma ba ta kai kaɗai ba, har da ta zuciya. Saboda haka haramun ne ga mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai hawan jinin da ba a shawo kansa ba. Mutum nawa ne a Keita ko Buza ko Abalak ke yawo da hawan jini bai taɓa sa hannu a abin awo ba? Wannan kaɗai ya isa dalilin da ba a karɓar irin wannan magani daga hannun ɗan uwa da ya dawo cin rani daga Abijan ko Libiya, don kawai ya yi masa aiki a can.

Akwai wanda ya girme shi, kuma ya fi shi haɗari: ergotamine. Daga wata fumfuna da ke kama wani hatsi ɗan uwan alkama aka samo shi. A Turai ta dā, idan mutane suka ci burodin hatsin da ta kama, sai yatsu da ƙafafu su yi ta ƙuna, su yi baƙi, su guntule. Manoman gero sun san 'yar uwarta, wadda ke sa zangarniya tsatso wani ruwa mai danƙo kamar zuma a shekarar laima. Arthur Stoll ya tace sinadarin a birnin Basel a 1918, kuma tun shekarun 1920 ake ba masu ciwon ɓarin kai, yawanci a haɗe da sinadarin gahawa. Yana aiki, amma shi ƙofofi da yawa yake bugawa, kuma yana daɗewa a jiki. Yana murɗa mahaifa, don haka mai ciki ba ta kusantarsa. Idan ya haɗu da erythromycine ko clarithromycine, ko ritonavir da ke cikin wasu magungunan sida, yakan taru a jini har jinin yatsu ya tsaya. Ba a kuma shan sa da triptan cikin awa 24 ɗaya.

Yawancin masu ciwon ba su ma bukatar waɗannan da farko. Asfirin ko ibuprofène ko farasitamol, a kan adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa, suna isar mutane da yawa, in an sha da wuri, tun ciwon yana ɗanye. Dalili kuwa, da zarar ya kankama ciki yakan daina tura abin da aka haɗiya, ƙwayar ta zauna ba ta narke ba, ko ta dawo da amai. Shi ya sa wani lokaci ake haɗawa da métoclopramide, maganin amai. Mai gyambon ciki ya nisanci asfirin da ibuprofène. Ba a ba yara asfirin. Mai ciki kuma farasitamol ne nata, sauran sai da izinin ungozoma ko likita.

Yanzu mu koma kan tire. Na sha tsayawa ina kallon cinikin. Mai tallan ba ya tambayar shekaru, ba ya tambayar ko akwai ciki ko goyo. Abin da yake cewa kawai: "Hajiya, ja da fari za a ba ki, ko mai ƙarfin?" Ƙwayoyin sun wuni a ranar bazara da ke wuce maki 40, wasu an ɓare su daga ledarsu an zuba a kwalba, ana gane su da launi. Ranar Lahadi, ranar babbar kasuwar Tawa, mutanen ƙauye kan yi guzurinsu tare da gishiri da ashana. Shi kuma "mai ƙarfin" sau da yawa tiramadol ne, wanda 'yan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi ke kira tramol. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, na kan titi kuwa ana samun mai 225.

Mutane sun san tiramadol da jawo jaraba da farfaɗiya. Abin da ba a cika sani ba shi ne yana hana jijiyoyi kwashe sirotonin bayan ya gama aiki, sai ya taru. Haka ma amitriptyline yake yi, wanda likitoci ke bayarwa kaɗan da dare don rage yawan tashin ciwon ɓarin kai, haka ma fluoxétine da danginsa na ciwon damuwa. Idan aka gama biyu ko uku daga cikinsu a jiki ɗaya, sirotonin yana iya yin ambaliya. Cikin 'yan sa'o'i mutum ya fara karkarwa, zufa ta keto, jiki ya yi zafi, zuciya ta yi ta gudu, ga gudawa, tsokoki suna fizga, hankali ya gushe. Tana iya kisa. Kuma duk wanda ya ga wannan a gidajenmu, masassara zai ce, a ƙara masa wasu ƙwayoyin. Ko a asibiti, in ba a faɗa wa ma'aikaci abin da aka sha ba, zai iya bin wata hanyar. Duk lokacin da za a kai mara lafiya, a tattara kwalaye da ledojin duk abin da ya sha a tafi da su, har da wanda ake jin kunyar nunawa.

Wani abin da zan saka a nan: cikin sirop da ƙwayoyin sa ƙiba da wasu 'yan mata ke sha gabanin aure, waɗanda ake wa kirari da "sha ka fashe", akwai masu ɗauke da cyproheptadine. Shi ma a ƙofofin sirotonin yake aiki, toshe su yake yi, daga nan cin abincin ke buɗewa. Maganin asibiti ne mai amfaninsa, ba kayan kwalliya ba.

Bayan tarkon ambaliyar sirotonin akwai na biyu, wanda ya fi shi yawa, kuma shi ne ya kama yayata. Maganin ciwon kai, in an mayar da shi abin kullum, shi da kansa yana haifar da ciwon kai. Ƙwaƙwalwa tana sabawa, da ƙwayar ta sake ta sai ciwo ya dawo, a ƙara sha, a haka har mutum ya wayi gari kullum da kai mai nauyi. Likitoci sun sa iyaka: farasitamol da asfirin da ibuprofène, kwana 15 ko fiye a wata, triptan da ergotamine da tiramadol da kodin da ƙwayoyin da aka cakuɗa abu biyu ko uku, kwana 10 ko fiye a wata. Wanda ya yi wata uku a haka ya shiga. Mafita ita ce a daina, tare da jagorancin ma'aikacin lafiya, kuma makon farko da na biyu ba su da daɗi ko kaɗan. Mai shan tiramadol kullum kada ya yanke shi rana ɗaya da kansa, a hankali ake janye shi.

Wanda ciwon ke kwantar da shi sau huɗu ko fiye a wata, maganin kariya yake bukata, irin su propranolol ko amitriptyline, da ake sha kullum ko da lafiya lau. Ba sa nuna aikinsu sai bayan makonni, wani lokaci wata biyu, kuma a nan ne mutanenmu ke karaya su ce bai karɓe su ba. Propranolol bai dace da mai asma ba. Valproate, da shi ma ake bayarwa, yana nakasa ɗan tayi, don haka ba na macen da ke iya ɗaukar ciki ba ne. Sannan duk macen da ke ganin hasken nan kafin ciwo ta faɗa wa ungozoma kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin nau'in da ke ɗauke da sinadarin istirojin yana ƙara mata haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Akwai wasu hanyoyin tazarar da suka dace da ita.

Abubuwan da ke tayar da ciwon a wurinmu ba ɓoyayyu ba ne: ƙishirwa da ranar Afrilu da Mayu, ƙetare lokacin abinci, kwanan zaune a biki ko a hirar shayi, ƙaurin hayaƙi da turare mai ƙarfi, kwanakin al'ada ga mata. Ciwon kan farkon azumi kuwa, wanda mashaya shayi da maciya goro suka sani sarai, rabinsa rashin abin da jiki ya saba ne. Rage su a hankali tun cikin Sha'aban, da yawaita ruwa tsakanin buɗa baki da sahur, yana sauƙaƙa shi.

Akwai ciwon kan da ba a jira da shi, ba a kuma neman mai tire. Muna tsakiyar yankin sanƙarau, kuma tantanin nan da muka ambata shi ne cutar ke kamawa. Allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 ta karya nau'i guda, amma a 2015 wani nau'in ya ɓarke ya kashe ɗaruruwa. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, na asibiti ne a wannan sa'ar. Haka ciwon kai da zazzaɓi a damina, a yi gwajin masassara. Haka wanda ya faɗo farat ɗaya kamar an buga guduma, ko ya zo da karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko harɗewar harshe, ko suma. Haka na bayan faɗuwa daga babur, da wanda ya fara sabo bayan shekara 50, da wanda ke ƙaruwa kullum ba ya sauka. Mai ciki da ta ji ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska da hannu ko dishi-dishin gani, a garzaya da ita, domin jijjiga ce ke sallama. Akwai babban asibitin jiha da asibitin uwa da yaro a cikin Tawa, akwai asibitin Galmi, akwai asibitocin gundumomi. Ciwon ɓarin kai na yau da kullum kuwa ba ya bukatar hoton kai, ba sai an yi tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai ba. Da tambayoyi da awon jini ake gane shi, kuma majon asibitin unguwa yana iya fara wannan.

Shi ne ma ya fara wa yayata. Da muka je, bai rubuta komai ba sai da ya auna jininta, sannan ya ce ta zazzage jakarta a kan tebur. Ledoji iri biyar suka fito, biyu ba su da suna. Ya ce, "Malama, kwana nawa kike shan waɗannan a wata?" Ta ce ba ta ƙirgawa. Ya ce ta koma ta sami kalanda, ranar ciwo ta yi zagaye, ranar shan ƙwaya ta yi gicciye, ranar al'ada ta ɗiga, ta dawo bayan wata guda. Da ta dawo gicciye 22 muka ƙirga. Ya raba ta da tiren, ya ɗora ta kan ƙwaya ɗaya da dare, ya kuma gargaɗe ta cewa makonnin farko sai ta daure. Ta daure, da kuka. Ciwon bai rabu da ita ba, har yanzu yakan zo, galibi gab da al'ada ko ranar da ta wuni a gidan biki ba ta ci komai ba, kuma ɗankwalin yana nan. Kalandar tana rataye bayan ƙofar ɗakinta, ta watan jiya zagaye uku ne a kanta. Inna dai ba ta janye maganarta ba, ta ce iskar ce ta gaji.